Inda Alƙalamin Baba Ya Tsaya

Ina tsakar gida ina dakan lawashi zan yi gabu, curin ganyen albasa da ake shanyawa don miya, idanuna sai ruwa suke, wayata ta hau ƙara a kan taga. Gwaggo Hajjo ce, yayar babana, wadda take zaune da shi a Sifawa tun rasuwar mahaifiyarmu. Ita Gwaggo ba ta kiran mutum don a gaisa. In ka ga kiranta, to wani abu ya lalace, kuma Ummukulthum ake so ta zo ta gyara.

"Ummu, ki taho ki ga hannun ubanki," in ji ta, ko amsa sallamata ba ta yi ba. "Ni dai na yi magana har bakina ya gaji."

"Mi ya same shi, Gwaggo?"

"Mussa ta cije shi."

Na jingine taɓarya na tsaya ina kallon turmi. Mussa, wato kyanwa, haka muke ce mata a nan. Ina da yara huɗu, ƙaramar tana bayana. Maigidana Bilyaminu yana fadama ana cire albasa, 'yan aiki na jiran abincin rana, ga lawashi tari guda wanda in ya kwana zai ruɓe. Duk in bar wannan in shiga mota daga Shagari zuwa Sifawa saboda cizon kyanwa? Na ce mata a wanke wurin da sabulu, gobe ina nan tafe.

"Wane hannu kike tsammani?" ta ce. "Na dama ne. Yatsan alƙalami."

Sai na kwance zanen aiki na nemi mayafi.

Bari in faɗa muku dalili. Babana, Malam Sodangi, ya karantar da yara a zaurensa har ƙarfinsa ya ƙare, amma abin da aka san shi da shi daga Bodinga har Danchadi shi ne rubutu. Alƙur'ani yake rubutawa da hannu, da ka, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa, baƙaƙe da baƙa, wasali da ja. Mu uku ya haifa, kuma ya yi alkawarin kowa zai rubuta masa nasa. Yaya Maniru ya karɓi nasa ranar ɗaurin aurensa. Abubakar Siddiƙ ma haka. Ni da nawa auren ya zo, Baba yana fama da yanar ido, sai ya ce in yi haƙuri, nawa yana tafe. Na haifi na fari, yana tafe. Sai da na haifi na uku aka yi masa aikin ido, sannan ya ɗauko takarda. A hankali yake yi, falle ɗaya ko biyu a yini, don ga tsufa ga ciwon suga.

Ban taɓa tambayarsa ba, amma abin yana raina ƙwarai. Su biyun da suka samu, ɗaya yana Abuja ɗaya yana Legas, kuma na rantse a ƙasan akwati suka kulle su. Ni kuwa karatuna bai yi nisa ba. Yaro daga ƙasa ake fara masa, daga gajerun surori a yi sama, ni na hau har Tabaraka, izu huɗu ke nan, sai ciwon mahaifiyarmu ya tashi, na jingine allo na kama tukunya. Tun daga nan ban sauke ta ba. Shi ya sa nake son nawa, in san dai akwai wani abu a gidan nan da aka zauna aka yi domin ni.

Na iske shi a ɗakin karatunsa, zaune a kan buzu, zafin bazara ya sa ya cire riga. Hannun yana kan cinyarsa. Yatsan manuni ya kumbura tun daga gindi, ya yi ja yana sheƙi, bayan hannun ma ya tasa, kuma ya zagaye kumburin da baƙar tawada. A bayan akwatin littattafai, cikin wani tsohon kwando, ga gwanar da ta yi cizon tana kwance tana shayar da 'ya'yanta. Ta daɗe a ɗakin nan. Ɓeraye suna son ƙaron da ake sa wa tawada, ga rumbu a bayan ɗaki, in ba don ita ba da falle ɗaya bai kwana ba. Baba yana kiranta Malama, wai don ba ta taɓa fashin darasi ba.

"Wa ya tashe ki cikin wagga rana?" ya ce bayan mun gaisa. "Hajjo ko? Ba ta da aiki."

Na durƙusa na duba. Huda biyu ne ƙanana a gindin yatsan, har sun rufe, in ba ka kula ba ba za ka gan su ba. Na tambaye shi yadda aka yi.

Ya ce yana cikin rubutu sai ɗaya daga cikin 'ya'yan ta rarrafo ta hau fallen da bai bushe ba. Ya ɗauke ta ta ƙeya, ta yi kuka, uwar ta yi tsalle ta kafa masa haƙori. Sai jini ya tsattsafo.

"To ga jini, ga takarda gabana," ya ce. "Jini najasa ne, kin sani. In na tashi neman buta, tawada ta bushe ga alƙalami. Sai ga Malama ta komo tana shinshina hannun, awa mai ba da haƙuri. Na miƙa mata, ta lashe shi tas har ya tsaya. Na ci gaba da aikina."

"Baba! Ka bari ta lashe?"

"Mi ne ne a ciki? Mussa ba najasa ba ce. Ruwan da ta sa ma baki ana alwala da shi. Ko yau ke za ki karantar da ni tsarki?"

Ina zan iya? Mutumin da ya koya wa rabin garin alwala. Na ce to, mu je asibitin Bodinga su duba, ga shi nan kusa, kabu-kabu ma zai kai mu. Kafin ya amsa, Gwaggo ta leƙo daga bakin ƙofa, ita da ta kira ni don in lallashe shi.

"Asibiti? Wanga karkare ne, cizon ya tashe shi. Karkare ba ya son allura. Duk wanda anka kai, yanke yatsan suke."

Na dube ta, na dube shi. Ya ce in koma ɗakina, in ya kai ƙarshen izun da yake kai zai je duk inda nake so. Na dafa ruwa na sa gishiri na gasa masa hannun, na wanke masa kaya, na share ɗakin Gwaggo, na kama hanya. Da na isa Shagari 'yan aiki sun ci garin rogo, lawashina kuma ya fara wari.

Daga nan na zama 'yar hanya. In dafa abincin fadama da sassafe, in goya yarinya, in tsaya bakin titi har mota ta cika, in sauka a Sifawa, in dawo kafin magariba. Direbobi har sun san ni, ɗaya yana ce mini Hajiyar Sifawa, ni ko dariya ba na iya yi masa. Bilyaminu bai hana ni ba, Allah ya saka masa, amma na ga yadda yake kallon tukunya in ya dawo.

Duk zuwan da na yi, hannun ya fi na jiya. Kumburin ya wuce tawadar da ya zagaye shi da ita, ya sake zagayewa a sama. Aka daka ganye aka ɗaura. Gwaggo ta kira wanzami ya yi sakiya, ya sa ƙarfe a wuta ya huda, ruwa ya fito mai wari, suka ce alhamdu lillahi cuta ta fita. Ba ta fita ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk lokacin da na shigo sai in tarar da shi yana rubutu. Yatsan ba ya lanƙwasuwa, sai ya ɗaure alƙalamin a jikinsa da tsumma, ya shimfiɗa wani ƙyalle a ƙarƙashin hannun don kada wani abu ya ɗiga a takarda. Gumi yana bin gemunsa, yana cije leɓe, yana jan baƙi ɗaya ɗaya.

"Baba, don girman Allah ka ajiye," na ce masa. "Takarda ba ta gudu."

"Saura kaɗan in kai ƙarshen izu."

"Kullum saura kaɗan!"

Bai ko ɗago ba. Rannan na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba, na fita bayan rumbu na yi kukana na share ido.

Yaya Maniru kuma yana ta kira daga Abuja. Shi aikinsa ba da shawara. Me ya sa ban kai shi asibiti ba? Ina nake har abu ya kai haka? A sa kyanwar a buhu a kai ta daji. Na ce masa, "Yaya, motar Sakkwato tana tashi daga Abuja kullum, taho ka sa ta a buhun da kanka, ka ɗauki Baba ka kai shi." Ya ce aiki ya yi masa yawa. Ni dai ba ni da aiki, zaman banza nake.

Wata safiya na shigo na tarar da shi kwance a kan buzu, jikinsa kamar garwashi, yana rawar sanyi a cikin wannan zafi. Wani jan layi ya taso daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu, kaluluwa ta fito a hammata. Amma an tattara takardun, an jera su daidai, an rufe ƙoƙon tawada. Ya buɗe ido ya ce, "Na kai. Mu tafi."

A asibitin Bodinga muka samu Anas, ma'aikacin jinya, wanda ya yi karatun allo a zauren Baba tun yana ɗan mitsitsi. Da ya ga wanda aka kawo sai ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida shi, sannan ya kwance tsumman. Na ga fuskarsa ta canza. Kan yatsan ya fara yin baƙi, kuma ba tawada ba ce. Ya tambayi yadda aka yi, na faɗa masa duka, har lasar. Baba yana kwance amma bakinsa bai mutu ba, ya maimaita maganarsa ta tsarkin mussa.

"Allah shi gafarta Malam, ban musa ba," in ji Anas, kansa a ƙasa. "Ku kunka karantar da mu, kuma haka yake. Amma a bakin mussa akwai ƙwayoyin cuta, bakteriya, waɗanda ido ba ya gani. Ko mai lahiya tana da su, ita ba su yi mata komai. Haƙorinta siriri ne awa allura, shina shiga can ciki har gaɓa ya ajiye su, sai bakin hudar ya rufe a kansu. Lasar ta ƙara wasu. Ga kuma suga. Da an wanke da sabulu da ruwa mai yawa an taho tun ranar, da ƙwayoyin magani sun isa."

Baba ya dubi silin. Ya ce, a hankali, "Ni jinin na ji ma tsoro, Anas. Kada shi taɓa takarda."

Anas ya ɗauko kayan aikinsa. Ya wanke ciwon, ya yi masa allura, ya sa masa ruwa, ya ja ni gefe ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, a wuce da shi Sakkwato yau ɗin nan.

Zaman Sakkwato ba na son tuna shi. Tabarma na shimfiɗa a barandar asibiti tare da sauran masu jinya, yarinya a gefena, ƙudaje a kanmu. Ƙanwar Bilyaminu ta koma gidana tana riƙe da sauran yaran. Aka gama cire albasa, aka yi rumfa aka jera ta, ba ni nan. Na yi wanki a famfon asibiti har fatar hannuna ta tsage. Aka tsaga hannun Baba aka wanke, aka yi ta ɗura masa magani ta jijiya. Zazzaɓin ya sauka, jan layin ya ɓace, amma yatsan bai dawo ba. Likita ya zo ya tsaya a kanmu ya ce cutar ta ci jijiya ta shiga ƙashi, yatsan ya mutu. Ko a cire shi, ko ya ja hannun duka.

"Da wane za ni yi tahiya?" Baba ya tambaye shi.

Baba ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana kallona, na san ba tahiya kaɗai yake nufi ba.

"Baba, su cire," na ce. "Kai nake so, ba takarda ba."

Gaskiya na faɗa, amma ba duka ba. Ina son shi, ina kuma son takardar, kuma a barandar nan na zauna na yi ta jin haushin kaina da nake tunanin takarda alhali ana yanka ubana. Na ji haushin Gwaggo da karkarenta, na ji haushin wanzami, na ji haushin Malama da 'ya'yanta. Daga baya ma haushin ya ƙare, gajiya kawai ta rage.

Yaya Maniru ya zo bayan an gama komai, da lemo a leda da turare a jiki. Ya sake kawo maganar buhu. Baba ya ce, "Wanda ya taɓa ta ban yafe ba. Ɗiyarta ta kare. Ni ne ban wanke hannu ba." Yaya ya kwana ɗaya ya koma.

Aka sallame mu, na mai da shi Sifawa, na koma Shagari na tarar da gidana kamar an yi yaƙi. Damina ta faɗi, aka shiga shuka, aka shiga noma, tukunyar 'yan aiki ta koma kan murhu. Na rage zuwa Sifawa, don jikina ya ƙi. Gwaggo ce take ba ni labari ta waya. Ciwon ya warke, amma yatsan tsakiya ma ya sandare. Ta ce kullum bayan hantsi yana ɗaukar allo, ya maƙale alƙalami tsakanin babban yatsa da abin da ya rage, ya rubuta layi ɗaya, ya dube shi, ya wanke. A takarda kuwa bai sa ko ɗigo ba. Na ce mata ta bar gaya mini. Na riga na cire rai, na ce Allah bai yi zan samu ba.

Ran nan bayan la'asar ina tankaɗen gari, babban ɗana ya shigo da gudu ya ce ga Malam a zaure. Na ce wane Malam? Tun da aka kawo ni gidan nan Baba bai taɓa taka shi ba sai ranar suna, shi ma a ƙofa yake tsayawa. Na karkaɗe hannu na fita. Shi ne, zaune a kan tabarmar Bilyaminu, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. A cinyarsa ga gafaka, jakar fatar da ake sa Alƙur'ani, sabuwa, ja, da ɗinkin kore. A gefensa kuma ga ɗan kwando an rufe da tsumma.

Muka gaisa. Ya tambayi yara, ya tambayi damina, ya sha ruwa, hannun hagu yana tallafe da na dama. Sannan ya ce in yi alwala in zo. Da na dawo ya turo mini gafakar.

"Buɗe."

Na buɗe. Ga rubutun Baba, wanda zan gane ko a cikin dubu, baƙaƙe a tsaye, jan wasali a kansu, kan kowace sura da zanen da yake yi. Na yi ta ɗaga falle a hankali. Can wajen ƙarshe sai na ga rubutun ya yi kauri, layin yana ɗan karkacewa, na gane kwanakin tsumma ne. Na ɗaga falle na gaba, fari ne. An ja masa layi, amma babu komai a kai. Na bayansa ma haka, har ƙarshe.

"Na gwada, Ummu," ya ce. "Hannun ba shi yi. Ba ni sa mummunan rubutu a nan. Na so in ba wani almajirina ya ƙarasa, sai na ga ba haka ba ne. Duba inda na tsaya."

Na koma fallen ƙarshe mai rubutu na karanta a zuci. Surar ta cika, izun ya cika. A ƙasa, a kusurwa, inda yake sa kalmar da za ta buɗe falle na gaba, ya rubuta ta ƙarama. Tabaraka ce.

"Ni daga sama na taho, ke daga ƙasa kinka hau," ya ce. "Tun ranar da wanzami ya huda na ga abin da ya fito, na san wanga yatsa ba shi tashi. Shi ya sa na matsa in kai inda kinka tsaya. Abin da ya rage duk shina kanki, ni na sa shi da kaina. Ke za ki ƙarasa."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban san ko in yi kuka ko in yi faɗa ba.

"Baba, da ka bi ni asibiti ranar farko, da kai ka ƙarasa shi da yatsanka."

"Na sani," ya ce. "Ranar farko ban sani ba. Da na sani, lokaci ya wuce."

Na dubi hannuwana, duk sun yi kanta, farce ya karye, gari a tsakanin yatsu duk da alwalar. Rabona da alƙalami tun ina budurwa. Su Yaya an miƙa musu nasu a kammale, ana ta guɗa. Ni na jira shekara da shekaru, na yi zaryar mota, na kwana a baranda, kuma kyautar tawa ma ni zan ƙarasa ta da hannuna, tsakanin tuwon dare da wankin yara. Na faɗa masa haka, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, bai musa ba.

"Haka ne," ya ce. "Kawo allon yaron nan. A allo za ki fara, sai hannun ya faɗa."

Sai kwandon ya motsa, wani ɗan kuka ya fito. Na ɗaga tsumman. 'Yar kyanwa ce, fara da baƙi, ta girma kaɗan, tana kallona.

"Wagga kuma fa?"

"Ita ce wadda ta hau fallen. Gidanku ga rumbu ga albasa, ɓeraye sun fi na Sifawa. In babu ita, kafin kaka sun cinye shi." Ya sa hannun hagu a aljihu ya ciro sabulu sabo a takardarsa, ya ajiye kusa da kwandon. "In ta cije ki, ko ta yakushi yaro, wanga da ruwa mai yawa, sannan ki tafi wurin Anas. Kada ki tsaya ƙarasa komai."

A cikin gida ƙaramar ta farka tana kuka, garin yana nan a faifai ban gama tankaɗewa ba, hadari kuma yana haɗuwa ta gabas, ga shanya a igiya. Na aiki yaron ya kwashe shanyar ya goya ƙanwarsa, ya miƙo mini allonsa. Baba ya ciro alƙalami daga gafaka, wanda har yanzu akwai shatin tsumma a jikinsa, ya miƙo mini. Na tsoma a tawada na ja baƙin farko, ya fito a karkace.

Ya ɗaga hannun dama zai nuna mini inda na kuskure, kamar yadda yake yi ina yarinya. Hannun ya tsaya a sama, babu abin nunawa. Ya dube shi, ya mai da shi cikin riga.

"Wanke," ya ce. "Sake."